Takardun bogin da suka jefa sunan Nijar cikin yaƙin Iraƙi

Ɗan ƙanwata ne ya tayar da zancen, wata Asabar bayan sallar isha'i, a fadarmu ta ƙofar gida nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi. Ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, irin yaran nan da in waya ta shiga hannunsu sai sun tono abin da manya suka manta. An sha shayin farko, na biyu yana kan gawayi, sai ya matso ya miƙo mini wayar.

"Kawu, wai da gaske ne da sunan ƙasarmu aka ci Iraƙi da yaƙi?"

Wani aikin makaranta yake yi kan ma'adinan Arlit, bincike ya yi ta jan shi daga wannan shafi zuwa wancan, har ya faɗa kan hoton wata tsohuwar wasiƙa da Faransanci. Daga sama ga tambarin Jamhuriyar Nijar, daga ƙasa ga hatimi da sa hannun minista. Ɗaya ce daga cikin wasu takardu da suka ce Nijar ta yarda ta sayar wa Saddam Husaini tan 500 na yuraniyom.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ke zama da mu, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya daɗe da yin ritaya, idonsa ma ya fara rauni. Bai karɓi wayar ba. Cewa ya yi, "Ɗana, karanta mini kwanan watan da sunan wanda ya sa hannu."

"10 ga Oktoba 2000, Baba. Ministan harkokin waje, Alele Alhaji Habibu."

Dattijon ya ajiye kofinsa. "Haba! Alele ai ministan Ali Shaibu ne. Tun 1989 ya bar kujerar nan. A 2000 Nasiru Sabo ne a wurin, gwamnatin Hama Amadu."

Ko minti ɗaya bai ɗauke shi ba. Wannan wasiƙar kuwa ta kwana a hannun gwamnatin Amurka tun watan Oktoba na 2002, wata uku da rabi kafin shugabansu ya tsaya gaban duniya ya yi zargin da ke cikinta. Abin da ya hana ni barci daren nan ke nan, shi ya sa na ga ya kamata a warware labarin tun daga tushe, don yaranmu da aka haifa bayan 2003 ba su san an taɓa yin haka da sunansu ba.

Mu fara da kayan da ake magana a kai. Abin da ke fitowa daga Arlit ba makami ba ne, bai ma yi kusa da makami ba. Dutse ake haƙowa, a niƙe shi, a jiƙa da ruwan asid, a tace, a busar. Abin da ya rage wani gari ne mai kama da garin ɗorawa, shi ake durawa a ganguna a rufe. A cikin yuraniyom ɗin da ke wannan gari, irin da ke iya tarwatsewa ya ba da wuta ko ya fashe bai kai kashi 1 cikin 100 ba, 0.7 ne kacal. Tashar lantarki tana buƙatar a tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5. Bam kuwa sai an kai wajen kashi 90. Kafin a kai can sai an mai da garin iskar gas, a bi da ita ta cikin dubban injuna masu juyawa da gudun da hankali ba ya ɗauka, shekara da shekaru, da kuɗi da masana. Iraƙi ta taɓa kama wannan hanya, amma bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991 masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun wargaza mata masana'antun. Wani abin da ba a cika faɗi ba shi ne, a lokacin da ake cewa Saddam yana neman garin nan a Afirka, yana da kusan tan 500 nasa a ajiye a Tuwaisa kusa da Bagadaza, a ƙarƙashin hatimin hukumar nukiliya ta duniya. Garin bai rasa ba. Abin sarrafa shi ne babu. A 2008 ma Amurkawa da kansu suka kwashe tan 550 daga can, aka sayar wa wani kamfanin Kanada.

Sai kuma yadda garin ke fita daga ƙasarmu. A wancan lokaci mahaƙa biyu ke aiki: Somaïr a Arlit, wadda ta fara fitar da kaya a 1971, da Cominak a Akuta, wadda ta fara a 1978. Kamfanin Faransa Cogema, wanda daga baya ya koma Areva, yanzu kuma Orano, shi ke riƙe da ragamar duka biyun. A Cominak akwai hannun jarin Japan da na Sifaniya ban da na gwamnatin Nijar. Abin da ake haƙowa a shekara bai wuce tan 3,000 da ɗan ɗoriya ba, wanda ya sa Nijar ta zama ta uku a duniya bayan Kanada da Ostireliya, kuma tun kafin a haƙo shi an riga an san rabon kowa. Daga Arlit manyan motoci ke ɗaukar gangunan, su bi ta Agadas da Tawa, su gangara Doso da Gaya, su tsallaka Binin, kaya ya ƙare a tashar jirgin ruwa ta Kwatano.

To a yi lissafi irin na ƴan kasuwar Maraɗi. Tan 500 kashi ɗaya ne cikin shida na abin da ƙasa ke fitarwa a shekara. In kowace mota ta ɗauki tan 25, motoci 20 ke nan a jere, su yi tafiyar kwanaki, su wuce kowane shingen jandarma da na duwan. Duk wanda ya taɓa fitar da ko buhun wake 50 ta Ɗan Isa ya san bakuna nawa ne za su ji labari kafin ya tsallaka. Balle kayan da Faransawa ke ƙirga gangunansa ɗaya bayan ɗaya, a ce kashi ɗaya cikin shida ya ɓace ba su sani ba.

Amma ƙarya mai daɗewa ba ta rasa ɗan gishirin gaskiya a cikinta, wannan ma tana da nata. A farkon shekarun 1980, zamanin Seyni Kunce, Iraƙi ta sayi garin yuraniyom daga Nijar, lokacin babu takunkumi. Sannan a watan Fabrairu na 1999 jakadan Iraƙi a fadar Fafaroma, Wisam al-Zahawi, ya zo Yamai ya gana da Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara. Tafiyar ta haɗa da Burkina Faso da Binin da Kwango Barazabil. Shi dai ya ce goron gayyata ya kai wa shugabanni su ziyarci Bagadaza, don a nuna takunkumin bai raba Iraƙi da duniya ba. Ba'are bai samu zuwa ba, an harbe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu na wannan shekarar. Wannan ziyara ita ce turken da aka ɗaura duk sauran labarin a kai.

Daga nan zance ya koma birnin Rum. A farkon Janairu na 2001 aka fasa ofishin jakadancin Nijar da ke can. Ɓarayin ba su tafi da wani abu mai tsada ba, amma an ruwaito cewa takardu masu tambari da hatimai sun yi ɓatan dabo. Akwai wani mutum, Rocco Martino, wanda ya taɓa aiki da hukumar leƙen asirin sojan Italiya, daga baya ya koma dillancin bayanai, yana sayar wa duk hukumar da ta biya. A hannunsa kundin ya bayyana: wasu takardu na gaskiya da suka shafi ziyarar Zahawi, an cuɗa su da na jabu da ke maganar ciniki.

A nan ne wurin da ya fi dacewa a tsaya, don shi ne ke bayyana yadda masu ilimi da kayan aiki suka faɗa ramin da dattijonmu ya tsallake. A Oktoba 2001, wata ɗaya bayan harin 11 ga Satumba, Italiya ta aika wa CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, rahoto kan cinikin. Ba takardun aka aika ba, bayanin abin da ke ciki ne. A Fabrairu 2002 wani rahoton ya biyo baya da ƙarin bayani. Labarin ya kuma isa Ingila da Faransa. Hukumomin nan suna musayar abin da suka ji, kowace kuma tana ɓoye inda ta samo. Sai ya zamana in Amurka ta waiwaya ta ga Ingila ma ta ji, ta ɗauka shaida ta biyu ce. Ruwan rijiya ɗaya ne aka zuba a tuluna uku, mai sha yana tsammanin rijiya uku ya ɗanɗana. Mu ma mun san wannan a gari: magana ta fito daga baki ɗaya da safe, kafin la'asar ka ji ta wurin mai nama da mai faci da ɗan kabu-kabu, ka ce ai kowa ya faɗa.

Mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya ga rahoton ya nemi ƙarin bayani. CIA ta tura Joseph Wilson, tsohon jakada wanda ya fara aikin diflomasiyya a Yamai a shekarun 1970, ya kuma riƙe ofishin jakadancinsu a Bagadaza a 1990. Ya sauka Yamai ƙarshen Fabrairu 2002, ya yi kwana 8, shi da kansa ya rubuta cewa shayi mai zaƙi ya yi ta sha yana ganawa da mutane, tsofaffin jami'ai da na lokacin da masu harkar ma'adinai. Ya koma ya ce da wuya ƙwarai a ce an yi wannan ciniki. Jakadiyarsu a Yamai, Barbro Owens-Kirkpatrick, ta riga ta faɗi haka. Janar Carlton Fulford, wanda ya gana da Shugaba Tandja Mamadu a cikin watan nan, shi ma bai ga abin damuwa ba.

Sai dai Wilson ya dawo da wani guntun zance. Tsohon firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya shaida masa cewa a tsakiyar 1999 wani ɗan kasuwa ya matsa masa ya gana da wakilan Iraƙi kan faɗaɗa hulɗar ciniki. Mayaki ya zaci yuraniyom suke nufi, don haka da aka haɗu ya kau da zancen ciniki gaba ɗaya saboda takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya. Masu son a yarda da zargin suka riƙe wannan gam, suna cewa in ba yuraniyom ba me Iraƙi za ta saya a Nijar, albasar Galmi ko awaki? Tambayar ba ta banza ba ce. Amma zato ne na mutum ɗaya a kan maganar da ba a ma furta ba, kuma tsakaninsa da yarjejeniyar tan 500 mai sa hannun shugaban ƙasa akwai tafiya mai nisa.

Ranar 24 ga Satumba 2002 gwamnatin Tony Blair ta Birtaniya ta fitar da kundinta, ta ce Iraƙi ta nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. A farkon Oktoba babban rahoton haɗin gwiwa na hukumomin leƙen asirin Amurka ya ambaci tan 500 na Nijar, ko da yake manazartan ma'aikatar harkokin wajensu sun sa a rubuta cewa su suna da babban shakku. An so a saka maganar a jawabin da shugaban Amurka George Bush ya yi a Sinsinati ranar 7 ga Oktoba, shugaban CIA George Tenet ya sa aka cire. Wato tun a lokacin akwai waɗanda suka san ƙafar maganar ba ta taka ƙasa.

A cikin wannan watan ne Martino ya kai kundin wurin wata ƴar jarida, Elisabetta Burba ta mujallar Panorama ta Italiya, yana neman kuɗi. Editanta ya ce ta kai kofe ofishin jakadancin Amurka a Rum su duba, ta kai. Ita kuma ta hau jirgi ta zo Nijar da ƙafarta, ta bincika, ta ga babu alamar gaskiya, ta ƙi buga labarin. Mace ɗaya da littafin rubutu ta yi aikin da ya kamata manyan hukumomi su yi. Kofen da ta bayar kuwa ya isa Washinton ya zauna a ma'ajiya. Wani manazarci a ma'aikatar harkokin waje ya duba ya ce da alama jabu ne, ba a bi ta kansa ba. Ranar 19 ga Disamba ma'aikatar ta fitar da sanarwa ta kira sunan Nijar ɓaro-ɓaro.

Ranar 28 ga Janairu 2003 Bush ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano cewa kwanan nan Saddam Husaini ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Kalmomi 16 ne da Turanci, da wannan sunan ma aka san su har yau. A lura da yadda aka gina jimlar. Bai ce Amurka ta gano ba, ya jingina wa Birtaniya. Bai ce ya saya ba, ya ce ya nema. Bai ce Nijar ba, ya ce Afirka. Wanda ya tsara wannan magana ya san inda take da rauni, ya bar wa kansa ƙofar fita ta ko'ina. Mai sauraro a gida kuwa abu ɗaya ya ji: Saddam na dab da mallakar bam. Mako ɗaya bayan haka, ranar 5 ga Fabrairu, sakataren harkokin waje Colin Powell ya gabatar da hujjojin Amurka a Kwamitin Sulhu, ya yi maganar bututan alminiyom da makamai masu guba, amma bai taɓa zancen Nijar ba.

Hukumar nukiliya ta duniya da ke Biyana ta yi wata da watanni tana roƙon a nuna mata takardun. Sai farkon Fabrairu aka ba ta. Da Jacques Baute, shugaban sashenta na Iraƙi, ya zauna da mutanensa a kansu, sa'o'i kaɗan suka ɗauka. Ba wata na'urar sirri suka yi amfani da ita ba. Google suka buɗe, irin wanda ke cikin wayar ɗan ƙanwata. Suka ga Alele ya bar ofis shekara 11 kafin ranar da aka ce ya sa hannu. Suka ga kan takardar yana ɗauke da sunan majalisar ƙoli ta mulkin soja, wadda ita ma ta shuɗe tun 1989. Wata wasiƙar da aka ce daga Tandja take ta kafa hujja da tsarin mulki na 1965, alhali na 1999 ne ke aiki. Ɗan Nijar da ya yi karatun tarihi ko na firamare ya san a 1965 Jori Hamani ke mulki da tsarin 1960. Sa hannun Tandja ma bai yi kama da nasa ba. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Muhammad el-Baradai, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Ranar 20 ga Maris, kwana 13 bayan haka, bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza.

Ba zan ce takardun nan su kaɗai suka haifar da yaƙin ba. Niyyar ta riga ta ƙullu, akwai kuma wasu zarge-zargen. Amma tsoron nukiliya shi ne ya fi kowanne nauyi a zukatan Amurkawa, kuma zancen Nijar na cikin ginshiƙan da suka riƙe shi. Sojan Amurka kusan 4,500 suka mutu a can. Ƴan Iraƙi kuwa ɗaruruwan dubbai ne, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalansu haƙuri.

Abin da ya biyo baya a Amurka ya fi shahara, amma mu bai shafe mu sosai ba. Ranar 6 ga Yuli 2003 Wilson ya yi rubutu a jaridar New York Times ya faɗi abin da bai samu ba a Nijar. Washegari fadar shugaban ta amsa cewa bai kamata maganar ta shiga jawabin ba, kwanaki kaɗan bayan haka Tenet ya ɗauki laifin. Ranar 14 ga wata wani marubuci, Robert Novak, ya tona cewa matar Wilson, Valerie Plame, ma'aikaciyar CIA ce, aikinta na sirri ya mutu daga ranar. Aka yi bincike, aka samu Lewis Libby, shugaban ma'aikatan ofishin Cheney, da laifin yi wa masu bincike ƙarya a 2007, aka yanke masa wata 30. Bush ya ɗauke masa zaman kurkukun, Donald Trump ya yafe masa gaba ɗaya a 2018.

Har yau akwai gardama ɗaya da ba ta mutu ba. Birtaniya ta dage cewa tana da wasu bayanai daban da ba su dogara da takardun jabun ba, kuma kwamitin Lord Butler a 2004 ya ce zargin nata yana da tushe, saboda ziyarar 1999. Amma tawagar da Amurka da kanta ta tura ta kwashe fiye da shekara tana tonon Iraƙi, ƙarƙashin Charles Duelfer, ta ce ba ta samu shaidar cewa Iraƙi ta nemi yuraniyom a waje ba tun bayan 1991. Ni a ganina maganar wanda ya shiga ɗaki ya duba ta fi ta wanda ya ce yana da hujja a aljihu amma bai fito da ita ba. Game da wanda ya ƙirƙiri takardun kuwa, ƴan jaridar La Repubblica biyu sun bi sawu a 2005 suka nuna yatsa ga mutanen da ke kewaye da hukumar leƙen asirin Italiya, hukumar ta musanta, hukumar binciken Amurka FBI kuma ta ce neman kuɗi ne ya sa aka yi su.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matsayin Nijar a cikin duk wannan. An zarge mu da karya takunkumin duniya, zargin da zai iya jawo wa talakan ƙasa yanke tallafi a lokacin da muke cikin mafi talauci a doron ƙasa. Firaminista Hama Amadu ya fito ya musanta, ya ce mai hujja ya kawo. Muryarsa ba ta yi nisa ba. Aka rubuta littattafai, aka yi shari'a, aka yi fim a kan Wilson da matarsa, sunan ƙasarmu yana yawo a ciki kamar sunan wani fili da aka yi faɗa a kai. Da tun farko wani ya ɗauki wasiƙar ya nuna wa kowane tsohon ma'aikaci a Yamai ko Damagaram ko nan Maraɗi, da zance ya ƙare kafin a sauke shayi na biyu. Ba su tambaya ba don amsar ba ita suke nema ba.

Da na kawo nan ɗan ƙanwata ya yi tsaki ya ce, "Ai Kawu, dama haka suke. Su da ke sayen kilo ɗaya na yuraniyom ɗinmu dala ɗari da biyar."

Na san inda ya samo wannan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wani labari ya cika WhatsApp da Facebook da TikTok, wai Faransa na sayen kilo a kan santim 80 na yuro, wato sefa 525, dala ɗari da biyar a ƙirgenmu, sabuwar gwamnati kuma ta mai da shi yuro 200. Ya zo mini a rubuce, ya zo a saƙon murya, ya zo daga mutanen da nake girmamawa. Ni ma da na fara ji zuciyata ta karɓa, don a lokacin Najeriya ta yanke mana wutar da ke zuwa ta Katsina, iyaka a rufe, muna kwana cikin duhu da zafi, ƙasarmu kuwa tana cikin manyan masu ba Turai makamashin da ke haskaka gidajenta. A 2022 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da Tarayyar Turai ta saya daga nan ya fito. Amma adadin ba gaskiya ba ne, kuma tarihinmu da kansa ya ƙaryata shi. A 2007 gwamnatin Tandja ta ja daga da Areva har aka ɗaga farashin kilo daga sefa 27,300 zuwa 40,000. Abin da ake saya jaka 27 tun kafin 2007, ta yaya zai koma dala ɗari da biyar a 2023?

Na ce masa, "Ɗana, kukanmu na gaskiya ne, ba ya buƙatar a yi masa ƙari." Fiye da shekara 50 ana haƙa, amma har kwanan nan wanda ke da lantarki a ƙasar nan bai kai mutum ɗaya cikin biyar ba. Sai da aka yi doguwar taƙaddama kafin Areva ta yarda a 2014 ta bi dokar ma'adinai ta 2006, wadda ta ba da damar harajin haƙa ya tashi daga kashi 5.5 zuwa 12. An rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, aka bar wa mutanen Akokan da Arlit tulin dusar ma'adini mai guba da ta kai wajen tan miliyan 20. Waɗannan su suka kai ga ƙwace lasisin mahaƙar Imuraren daga hannun Orano a 2024 da mai da Somaïr hannun gwamnati a 2025. Wanda ya je gaban duniya da su ba mai iya kunyata shi. Wanda ya je da sefa 525 kuwa, yaro ɗaya da waya ya ishe shi, daga nan kuma ko gaskiyar da ke bakinsa ba za a ƙara saurara ba.

Yau ma ba sai an fasa ofishin jakadanci ba kafin a samu hatimi. Kwanakin baya na shiga wani shagon fotokofi kusa da kasuwa in buga takardar haihuwar ɗiyata. Ina tsaye ina jira, wani matashi yana gaban kwamfuta, wani kuma na tsaye a kansa. Ya ɗauki hoton wata tsohuwar takarda, ya zagaye hatimin da ke ƙasanta, ya yanko shi, ya ɗora a kan sabon shafi. Ya ɗan karkata shi gefe, ya rage masa duhu don ya yi kama da wanda tawadarsa ta fara ƙarewa. Na tsayen ya ce a matsar da shi ya hau kan sa hannun kaɗan, haka na gaske ke zama. Duk abin bai kai minti biyar ba, injin ya turo takardar da ɗuminta. Jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar, duk sanarwar da ta shigo wayata da tambarin wata ma'aikata, sunan mai sa hannun da kwanan watan nake fara dubawa, yadda dattijonmu ya yi.

Yaron ya yi shiru, na ga maganar farashin ta ɗan sosa masa rai. Can ya ce, "To Kawu, ba ni wani abu ɗaya da zan duba da kaina, ba wanda wani ya faɗa mini ba."

Na tuna masa cewa ɗaya daga cikin takardun na Rum ta ce an yi wani zama kan yarjejeniyar ranar Laraba, 7 ga Yuli 2000. Ya buɗe kalandar wayarsa ya shiga ja da baya da ɗan yatsa, shekara bayan shekara, ya wuce shekarar da aka haife shi, hasken wayar na haska fuskarsa. Mai dafa shayi ya fara zagayawa da na uku. Yaron ya tsaya, ya matso da wayar kusa da idonsa, sannan ya juyo da ita wajen dattijon duk da ya san ba zai gani ba.

"Baba, Juma'a ce."